Kwana 9 a Andalus: in bi ayari tun daga farko, ko in same su a Garnaɗa kawai?

Sabon Matafiyi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar tafiye-tafiye. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da nake shirin yi a watan Oktoba zuwa kudancin Sifaniya, wato yankin Andalus, inda nake so in ga Kurɗuba da Ishbiliya da Garnaɗa a cikin kwana 9 da aka ba ni na hutu. Wannan ne karo na farko da zan fita ƙasar waje domin buɗe ido zalla, ba domin aiki ko karatu ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kimanin shekara biyu ke nan ina cikin wani zaure na WhatsApp na masu son tarihi da tafiya, mutane ne daga ƙasashe dabam-dabam, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba. Da na faɗi niyyata sai mutum 14 suka ce su ma za su zo, ɗaya daga cikinmu kuma ya ɗauki nauyin shirya komai: ya ce kowa ya tura masa kasonsa, shi zai yi hayar ƙaramar bas, ya kama masauki, ya sayi tikitin shiga wurare, mu yi tafiyar tare daga ranar farko har ta ƙarshe. Wasu 'yan kaɗan sun ce su dai za a haɗu da su a Garnaɗa ranar Asabar kawai. Zuciyata ta rabu biyu, domin ina marmarin zama da mutanen nan, amma kuma ina tsoron in kashe abin da na daɗe ina tarawa in dawo ban ga abin da ya kai ni ba. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan haɗuwa, me kuka gani?

Dattijon Tasha ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na je yankin sau biyu, sau ɗaya a cikin ayari, sau ɗaya ni da mai ɗakina, saboda haka zan gaya maka abin da na gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Shawarata ita ce ka tsara tafiyarka kamar babu wanda zai zo, ka sayi tikitocinka da hannunka, sa'an nan ka ware kwana biyu a Garnaɗa domin abokanka.

Dalilina na farko shi ne fadar Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Garnaɗa. Tikitin shiga ba irin wanda ake saya a ƙofa a duk lokacin da aka ga dama ba ne. Ana rubuta sunan mai shi da lambar fasfonsa a jiki, ana kuma duba fasfon a ƙofa, kuma sashen fadojin sarakunan Banu Nasr, wanda shi ne zuciyar wurin, yana da ƙayyadadden lokacin shiga da aka buga a kan tikitin. Wanda ya makara ba ya shiga, ko da kuwa ya zo daga bangon duniya ne. A lokutan da baƙi suka yi yawa tikitin kan ƙare makonni kafin ranar. A tafiyata ta ayari, wanda muka damƙa wa kuɗinmu mutumin kirki ne, bai ci ko sisin kowa ba, amma ya yi jinkiri yana jiran mutum uku su turo nasu kason, kafin su turo guraben safe sun ƙare, aka raba mu gida uku a lokuta daban-daban, mutum biyu kuma ba su samu ba sam. Haka suka tsaya a lambun Janaralife da ke gefen fadar suna hangen katanga, alhali abin da ya fito da su daga gida shi ne su tsaya a farfajiyar zakuna, inda zakunan marmara 12 suke ɗauke da kwarmin ruwa tun zamanin Sarki Muhammadu na Biyar a ƙarni na 14, su kuma karanta da idonsu rubutun nan da aka maimaita a bango babu adadi, "Wa la galiba illallah". Don haka ka shiga shafin hukumar da ke kula da fadar ka sayi naka a wannan makon, sa'an nan ka gaya wa 'yan zaurenku rana da lokacin da ka zaɓa, wanda ya ga dama ya sayi irinsa.

Na biyu, batun bas. Ban ga amfaninta ba a wannan hanya, domin jirgin ƙasa mai gudu ya haɗa garuruwan nan tun da aka buɗe layin Madrid zuwa Ishbiliya a 1992, Garnaɗa kuma ta shiga cikin tsarin a 2019. Daga Madrid zuwa Kurɗuba bai kai awa biyu ba, daga Kurɗuba zuwa Ishbiliya kuwa kimanin minti 45 ne. Tsoffin unguwannin garuruwan nan lunguna ne ƙanana da aka gina tun kafin a san mota, a wurare da yawa ma an taƙaita shigar ababen hawa, saboda haka bas za ta sauke ku ne a nesa ku ƙarasa da ƙafa. Ka dai lura cewa a jikin tikiti da allunan tasha za ka ga an rubuta Córdoba da Sevilla da Granada, kada ka tsaya neman sunayen da muka saba ji a littattafan tarihi, kuma ka isa tasha da wuri domin ana wuce da kaya ta na'urar bincike kafin a hau.

Game da rabon kwanaki, da ni ne da na ba Kurɗuba biyu, Ishbiliya biyu, Garnaɗa uku, ragowar biyun kuma na zuwa da dawowa ne. Mutane da yawa sukan yi wa Kurɗuba rowar lokaci, su shiga babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa a wajen shekarar 785 su fito cikin awa guda su kama hanya. Wannan asara ce, domin kimanin kilomita 8 daga garin akwai kufan Madinatuz Zahra, birnin da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a ƙarni na 10, wanda bai cika shekara 100 ba aka rushe shi a yaƙin basasa, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. Ba a buɗe shi ranar Litinin. A tafiyar ayari ba mu je ba, saboda an kaɗa ƙuri'a, masu son kasuwa suka rinjaye mu.

Hajiya Mai Jakar Goyo ta amsa:

Baba Dattijo ya yi magana ta ilimi, kuma a kan tikitin Alhamra ban da abin cewa. Sai dai ina ganin ya ɗora wa tafiyar ayari laifin da na rashin tsari ne, kuma ba na so Malam ya fita daga nan da tunanin cewa abokan tafiya nauyi ne kawai.

Ni kaɗai na tafi, kuma abin da ya fi zauna mini a rai a duk tafiyar ba gini ba ne. Wata yamma ce a dandalin San Nikolas da ke unguwar Albaisin, inda ake hango Alhamra a tsallaken kwari da duwatsun Siyera Nebada a bayanta. Mu takwas muka haɗu a can, waɗanda muka san juna ta intanet kawai, a cikinmu akwai wata malamar zanen gine-gine da ta zauna ta bayyana mana yadda aka jawo ruwa daga kogin Darro ta magudana har ya hau kan tudun fadar ya ratsa lambuna, abin da na wuce ta gabansa da safe ban ko lura ba. Da magariba ta yi muka shiga masallacin da ke maƙwabtaka da dandalin, wanda aka buɗe a 2003. Wannan ma ya kamata ka sani tun yanzu: babban masallacin Kurɗuba ya koma majami'a tun da aka ci garin a 1236, kuma ba a yarda a yi salla a cikinsa ba, masu gadi sukan hana, don haka kada wani a cikinku ya ja wa ayari rigima a kan haka.

Abin da zan ƙara shi ne yadda ake haɗuwa da mutumin da ba a taɓa gani ba, domin shekara biyu na hira a waya ba ta nuna maka halin mutum idan ya gaji ko yunwa ta kama shi ko kuɗinsa suka yi ƙasa. Haɗuwar farko ta kasance da rana, a fili, a wurin da jama'a suke. Kafin a tashi daga gida ku yi kiran bidiyo gaba ɗayanku ko da sau ɗaya ne, a ga fuskar kowa. Masaukinka ka kama shi da sunanka, ka biya da kanka, kuma idan fasfonka na buƙatar bizar Shengen, wato bizar shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai, wannan zai yi maka amfani ta wata fuskar, domin za a nemi shaidar wurin kwana da tikitin dawowa da inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000, kuma takardar da ke ɗauke da sunan wani ba za ta tsaya maka yadda taka za ta tsaya ba. Fasfonka kada ya kwana a jakar kowa. Ka bar wa wani na gida jadawalin inda za ka kasance kowace rana, ka kuma riƙe lambar gaggawa ta 112. Ban faɗi haka domin ina zargin mai shirya muku tafiya ba; wanda yake da gaskiya ba zai ji haushi ba idan ka ce za ka biya naka da kanka, idan kuwa ya ji haushi, to ka koyi wani abu game da shi tun kana gida.

Mai Kyamara ya amsa:

Ni dai abu ɗaya zan faɗa, kuma ya shafi yawan ku. Mutum 14 ba sa tafiya da sauri ɗaya. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina iya tsayawa minti 20 a gaban ƙofa guda ina jiran haske ya faɗo yadda nake so, wanda ke bayana kuma ya ƙosa tun a minti na biyu, kuma dukkanmu muna da gaskiya. Lokacin da na je Kurɗuba, akan bar mutane su shiga masallacin kyauta da sassafe na kimanin awa ɗaya, amma ɗaiɗaiku kawai, ba a karɓar ayari, kuma a cikin wannan shirun ne na ga ginshiƙan nan fiye da 800 da bakunansu masu ratsin ja da fari yadda ya kamata a gan su. Ka duba ko tsarin yana nan kafin ka tafi. A Ishbiliya kuma hasumiyar Hiralda, wadda asalinta hasumiyar kiran salla ce da sarakunan daular Muwahhidun suka kammala a 1198, ba matakala ake hawa ba, gangara ce mai zagayawa har fiye da 30, kuma a nan ne za ka gane wa ke da gwiwa a cikin abokanka.

Abin da ya yi mana aiki shi ne mu watse da safe kowa ya bi son ransa, biyu-biyu ko uku-uku, mu haɗu a teburin cin abincin dare. Mutanen Sifaniya ba sa cin na dare da wuri, gidajen abinci da yawa sai wajen ƙarfe 8 suke buɗe ɗakin girki, saboda haka yini gaba ɗaya naka ne. Ku kama tebur tun da wuri idan kun kai goma, kuma ku yanke tun kafin a zauna ko kowa zai biya abin da ya ci ne ko raba kuɗin za a yi daidai, domin na ga zumuncin shekara uku ya yi tsami a kan wannan. Ka kuma duba kalanda: 12 ga Oktoba ranar hutun ƙasa ce a Sifaniya, idan ta haɗu da ƙarshen mako jirage da masaukai sukan cika.

Sabon Matafiyi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Hajiya, da Malam Mai Kyamara, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na sayi tikitin Alhamra na safiyar Asabar da sunana, na kuma sanar a zauren cewa zan yi Kurɗuba da Ishbiliya ni kaɗai ta jirgin ƙasa, in iso Garnaɗa ranar Juma'a da yamma. Mai shirya tafiyar bai ji haushi ba ko kaɗan, har ma ya ce na rage masa nauyi, kuma tuni mutum huɗu suka sayi lokaci ɗaya da nawa, wani kuma ya ce zai same ni a Kurɗuba domin shi ma Madinatuz Zahra ce ta fi jan hankalinsa. Kiran bidiyon da Hajiya ta ba da shawara mun sa shi ranar Lahadi mai zuwa.

Saura tambaya ɗaya ga Baba Dattijo: a Garnaɗa, in kama masauki a cikin Albaisin domin kusanci da dandalin da za mu haɗu, ko in sauka a ƙasa kusa da tsakiyar gari? Na ji an ce hawan unguwar da akwati ba wasa ba ne.

Dattijon Tasha ya amsa:

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Titunan Albaisin tudu ne, an shimfiɗa su da ƙananan duwatsu, akwati mai taya ba ya tafiya a kansu sai dai a ɗauka. Ka sauka a kusa da dandalin Plaza Nueva, daga nan akwai ƙananan bas-bas da ke hawa Albaisin da kuma Alhamra, kuma idan ka fi son ƙafa, hanyar da ta bi gefen kogin Darro za ta kai ka gindin unguwar cikin 'yan mintuna. Ranar Asabar ɗin ka fita da wuri, domin daga ƙofar shiga Alhamra zuwa bakin fadojin Banu Nasr akwai tafiyar kusan kwata na awa, kuma lokacin da ke kan tikitinka na ƙofar fadojin ne, ba na ƙofar waje ba.