Neman kalma: me za mu kira tafiye-tafiyen Kissinger bayan yaƙin 1973?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe 10 zan naɗi shiri kan abin da ya biyo bayan yaƙin Oktoban 1973 da Masar da Siriya suka yi da Isra'ila. Komai ya zauna, sai kalma ɗaya ta hana ni sakat: shuttle diplomacy. Shugabannin ba sa zama wuri ɗaya, sai Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, ya ɗauko magana daga wurin Golda Meir, firaministar Isra'ila, ya kai wa Sadat, shugaban Masar, a Aswan, ya juyo da amsa. Haka aka samu yarjejeniyar raba dakaru da Masar a Janairun 1974, da Siriya a watan Mayu. Na rubuta "shiga tsakani", amma raina bai kwanta ba.

Tsohuwar mai fassarar labarai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shiga tsakani ya yi faɗi. Carter, shugaban Amurka, ma shi ya yi a Camp David a 1978, amma can Sadat da Begin, firaministan Isra'ila, na wuri guda. Sa "diflomasiyyar kai-komo".

Ɗan Zazzau: Ko "safa da marwa". Kowa ya san ma'anarsa.

Tsohuwar mai fassarar labarai: A hira ana faɗa, amma ban yarda a ɗora sunan ibada kan cinikin siyasa a gidan rediyo ba. Masu saurare za su kira.

Malamin Hausa: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Kalmar shuttle ɗin nan daga masaƙa ta fito, ƙoshiyar saƙa take nufi. A gidan saƙa na tashi: kakana na zaune, ƙafafu na takawa, zare na buɗe baki, ya jefa ƙoshiya da dama ya cafe da hagu. Duk wucewa tana barin zare ɗaya, a hankali ƙyalle ya haɗu. Ai aikin ke nan, Kudus, Dimashƙa, Kudus, kusan wata guda ana ja kan tuddan Golan. Larabawa da makkuk suka fassara, Faransawa da navette, duk ƙoshiya ce. Mu ne za mu ji kunyar tamu? "Jakadancin ƙoshiya". Diflomasiyya ma a ajiye ta, muna da jakada tun zamanin sarakuna.

Ɗan Zazzau: Allah gafarta Malam, yaron yau in ya ji ƙoshiya, ta tuwo zai tuna, in ma ya tuna.

Malamin Hausa: To laifin wa? Ku 'yan jarida kuka daina faɗa, sannan ku ce ba a sani ba. Jirgin sama da na ƙasa, ba daga jirgin ruwa aka aro su ba?

Ɗan Damagaram: Ina bayan Malam. Kuma kullum in aka ce "ba a sani ba", kunnen Kano da Kaduna ake nufi, mu ba a tambayarmu. Ko a wannan tarihin haka ne: za a ce Gowon ya yanke hulɗa da Isra'ila a Oktoban 1973, a manta Nijar ta Diori Hamani ta yanke tun Janairu, Chadi tun 1972.

Tsohuwar mai fassarar labarai: Ba wanda ya raina Damagaram, ɗan'uwa. Ana ambaton Gowon ne don shi ke shugabantar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a lokacin. Malam kuma, jakadanci aikin jakada ne mai zama a ƙasa. Kissinger ba jakada ba ne, minista ne.

Malamin Hausa: Jakadan sarki, Hajiya, zama yake yi ko aike ake yi masa?

Mai shirin rediyo: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. Minti 25 gare ni, ga takunkumin man fetur da ya ɗaga ganga daga kusan dala 3 zuwa kusan 12, ga dakatar da Masar daga Ƙungiyar Larabawa a 1979 har hedikwata ta koma Tunis, ga Najeriya da ba ta maido hulɗa da Isra'ila ba sai 1992. Zan sa "diflomasiyyar kai-komo". A karon farko zan ƙara da cewa "kamar ƙoshiyar masaƙi". Nijar da Chadi ma sun shiga, na gode da tunatarwa.

Malamin Hausa: Kai-komo ko mai neman bashi yana yi, ba ya nuna ana saƙa wani abu. Amma shirinki ne, 'yata. Ki dai furta ƙ ɗin da kyau.

Ɗan Damagaram: Ni a aji "jakadancin ƙoshiya" zan koya wa ɗalibaina.