Muhawara: Shin falasma za ta yi wa manyan injinan CERN ritaya?

Ɗan Samaru: Jama'a, ina nan a kan bakana. Nan gaba kaɗan ba wanda zai sake haƙa zoben hanzarta ƙwayoyin zarra mai kilomita 27 irin na CERN, cibiyar binciken da ke kusa da Geneva. A 2007 a SLAC, wata cibiyar bincike a Amurka, falasmar (iskar gas da ilektiron ɗinta suka rabu da zarrarsu) da ba ta kai mita ɗaya ba ta ninka ƙarfin ilektiron masu 42 GeV (ma'aunin ƙarfin ƙwayoyin zarra), alhali injin da ya kai su nan tsawonsa kilomita 3 ne. Me ya rage?

'Yar Kongo: Nawa suka samu ninkin? Ƙalilan, mafi yawa asarar ƙarfi suka yi. Ga kuma kaɗawa. Dungun ilektiron yana buɗe kogo cikin falasma yana gudu a ciki. Da ya ɗan kauce daga tsakiya, bangon kogon zai karkace ya ja wutsiyar gefe, ita kuma ta ƙara karkatar da bangon, kamar tiyon ruwa da aka saki a ƙasa. Kafin ka ankara dungun ya watse.

Ɗan Samaru: Tsohon zance ne wannan, an samo magani.

Malam: Ka yi a hankali, ɗalibi. Magani akwai, amma da tsada. In kai da wutsiya suka bambanta a ƙarfi, kowanne na lilo da saurinsa, sai kaɗawar ta kasa haɗa kai ta lafa. Motsin ayon ɗin falasmar, wato zarrar da suka rasa ilektiron, ma yana taimakawa. To injin karo, mai gwara ƙwayoyin zarra da juna, ba ya son bambancin nan, so yake ƙarfin dungun ya zo kusan ɗaya. Ka kashe kaɗawa, ka rage inganci.

Na Tudun Wada: Mu dai a samo mana ƙarami a ajiye kusa da riyakton CERT, cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya, mu gani da ido.

Ɗan Samaru: Allah gafarta Malam, gwajin falasma na AWAKE fa? A CERN ɗin kanta suka sa dogon dungun furoton ya tsinke gunduwa-gunduwa da gangan, a 2018 suka kai ilektiron 2 GeV cikin mita 10. Rashin natsuwar ce ta zama ma'aikaciya.

Malam: Gaskiyarka, wannan aiki ne mai kyau, don sun saita farkon tsinkewar da leza. Ga ƙananan injinan haske da bincike, ina tare da kai. Ritayar ce ban yarda ba.

'Yar Kongo: Kuma ba ka taɓo fositiron ba, kishiyar ilektiron mai akasin cajinsa. Kogon da ke matse ilektiron waje ɗaya watsa fositiron yake yi. Da wa za su yi karon?

Ɗan Samaru: Bari in fito daga lacca.