Faset ga haƙoran da ruwa ya rina: wanne ke ƙarko?

Maman Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata a Tibiri ta girma, ruwan can mai yawan sinadarin fulor ya bar mata haƙoran gaba jajaye kamar na mai cin goro. Ko dariya za ta yi sai ta rufe baki, ga aurenta ya matso. An ce mu sa mata faset, siririn ɓawon nan da ake liƙa wa haƙori ta gaba. Wanne ke ƙarko?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na kwampozit aka sa mini, wani ƙulli mai launin haƙori da ake shafawa ya daskare, zama ɗaya aka gama, kuma ya fi araha. Amma shayi ya dusashe shi, gefe guda ya ɓantare ranar da na ciji busasshiyar aya. An dai cike wurin.

Anti Likita: Yaya, ina aiki wajen likitan haƙori. Kwampozit yakan yi shekara 5 zuwa 7, faset na tangaran kuma 10 zuwa 15. Shi ma tangaran iri-iri ne. A ma'aunin ƙarfi na megafaskal, feldisfat bai cika wuce 100 ba, e.max kusan 400, zirkon na iya kai 1000. Sai dai kada lambar ta ruɗe ku. Faset bai wuce kaurin farce ba, milimita 0.3 zuwa 0.7, ƙarfinsa daga mannewa yake. In ya kama farin ɓawon haƙori sai su zama abu ɗaya. To farin ɓawon haƙorin kusa da dasashi ko rabin milimita bai cika kaiwa ba. Faset mai kauri na buƙatar a kankare haƙori sosai, in aka wuce farin ɓawon aka kai ga sashen da ke ƙarƙashinsa gam ba ya riƙo yadda ya kamata, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa. Zirkon ma, duk ƙarfinsa, ya fi e.max wuyar mannewa.

Maman Ummi: To mu ce a sa mafi siriri ke nan?

Anti Likita: A'a Yaya, tabo mai duhu na lekowa ta cikin siriri. Ku roƙi likita ya fara goge tabon ya haskaka haƙoran tukuna. Wasu daga nan ma sun wadatu. In bai isa ba, ni e.max zan zaɓa mata.

Kawu na Sabon Gari: Ɗiyata, ku gaya wa likita in tana cizon haƙora cikin barci, akwai robar kare haƙora da ake kwana da ita a baki. Rake kuma sai dai a yanka mata ƙanana.

Maman Ummi: Tana yi kuwa Kawu, ɗaki ɗaya muka kwana shekara da shekaru. Anti, haskakawar zama nawa ce? Bikin saura wata 2.