AMOS ya ƙi karɓar sakamakona, bariyans ya fito ƙasa da sifili

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu a nan Bauchi, kan yadda 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi ta waya. Na raba takardun tambayoyi a Wunti da Muda Lawal, 168 suka dawo a cike. Cikin ma'aunaina huɗu akwai na amana, mai tambayoyi huɗu. Biyu lodinsu (wato ƙarfin alaƙar tambaya da ma'auninta) bai kai 0.5 ba, sai na cire su. Tun daga nan AMOS, manhajar da nake lissafin da ita, ke cewa sakamakon ba karɓaɓɓe ba ne: bariyans (gwargwadon bazuwar maki) ɗin e9, wato kuskuren awo na ɗaya daga tambayoyi biyun da suka rage, ya fito -0.21, lodin tambayar kuma 1.08. Abin haushin, alƙaluman da ke nuna dacewar tsarina da data sun yi kyau: CFI 0.94 ne, RMSEA 0.06. Wani abokina ya ce in liƙa wa e9 ɗin 0.01 in huta. Sufabaiza na jiran babi na huɗu. Ya zan yi?

Malam na Tudun Wada, Gombe:
Wa alaikumus salam. Wannan ita ce matsalar Heywood, sananniya ce tun 1931. Bariyans ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka lissafin ya kai inda ba zai yiwu ba, kuma kyan CFI ba ya wanke shi.

Inda nake zargi shi ne cirewar nan da ka yi. Ma'auni mai tambaya uku yana tsayawa da ƙafarsa. Mai biyu kuwa sai ya jingina da alaƙarsa da sauran ma'aunai, to in amana ba ta da alaƙa mai ƙarfi da su, ga mutum 168 kacal, lissafin sai ya yi ta tangal-tangal. Biyun da ka cire, nawa ne lodinsu? Akwai wadda aka rubuta a juye, irin "ban yarda da tura kuɗi ta waya ba"? Irin wannan sai an juya makinta a manhajar SPSS tukuna, a sikelin 1 zuwa 5, 1 ya koma 5, 2 ya koma 4.

Abban Fadila:
Kai dai koma manhajar SmartPLS kawai, ba ruwansa da wannan ciwon kai. Mu da shi muka gama.

Malam na Tudun Wada, Gombe:
Abban Fadila, ba zai nuna masa saƙon ba ne kawai, don hanyar lissafinsa daban ce, amma raunin ma'aunin na nan. Ranar kare kundi kuma in aka tambaye shi dalilin sauya manhaja, me zai ce?

Maman Iman:
Ƙanena, kafin komai buɗe datar ka bi ta layi-layi. Ɗan kasuwa yana tsakiyar ciniki, an miƙa masa takarda, wani 5 zai yi ta zabgawa daga sama har ƙasa don a ba shi wuri. Haka ma in yara ka tura su tayaka rabawa. Layuka goma irin wannan sun isa su karkatar da lissafi.

Ɗan Yelwa:
Na gode Malam, na gode Anti. Ta juye ɗin na riga na juya ta, 0.31 ta bayar. Ɗayar 0.46 ce. Masu zabga 5 kuwa na ga wasu.

Malam na Tudun Wada, Gombe:
To dawo da mai 0.46 ɗin. Gara tambaya uku, ɗaya mai ɗan rauni, da biyu, ɗaya mai lodi fiye da 1. 0.5 ɗin nan shawara ce ta masana, ba aya ba ce. Ka fitar da masu zabgawar, ka rubuta adadinsu da dalili a babi na uku, ka sake gwadawa. In e9 bai daidaita ba, ka sa wa kibiyoyin tambayoyi biyun da ba ka cire ba, a zanen AMOS, lodi ɗaya, ka faɗa a cikin kundin cewa ka yi hakan. Batun 0.01 kuwa sai in tazarar tabbacin (confidence interval) bariyans ɗin ta haɗa da sifili. Turo mana sabon lodin mu gani.