Addu'a ga mala'iku ta raba kanmu a gida

'Yan'uwa cikin Almasihu, ku taimake ni. Ni 'yar ECWA ce, maigidana ɗan Katolika. Kullum da dare yana koya wa yaranmu addu'ar Mala'ika Mika'ilu, wadda Paparoma Leo na 13 ya kawo a 1886. Na nuna masa Kolosiyawa 2:18 da Ru'ya ta Yohanna 22:8-9, inda mala'ika ya hana Yohanna yi masa sujada. Ya ce su ba sujada suke yi ba, roƙon taimako ne, har ya buɗe Zabura 103:20, inda Dauda ya yi wa mala'iku magana kai tsaye. Nan fa bakina ya mutu, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin roƙo da sujada ɗaya ne? Me zan ce wa yaran?