Alminiyam ya rage Ms ya ɗaga Hc a samfurina, aikin ya lalace ne?

Ɗalibar_Fiziks:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina digiri na biyu, aikina a kan BaFe12O19 ne, wato sinadarin bariyam da ƙarfe da iskar oksijin da ake yin mayen ƙarfe da shi. Na haɗa garin ta hanyar sol-jel (a narkar da sinadaran a ruwa har su yi kauri, sannan a busar), na maye gurbin wani kaso na ƙarfen da alminiyam, na gasa a digiri 900 na Selsiyas. XRD, gwajin hasken X-ray mai nuna tsarin ginin sinadari, ya nuna tsinin 107 da na 114 na BaFe12O19 wajen kusurwar digiri 32 da 34, sai wani ƙarami ya leƙo a tsakaninsu, wajen 33. A VSM kuma, injin auna maganaɗisu, duk sa'ad da na ƙara alminiyam sai Ms (iyakar ƙarfin maganaɗisun garin) ya yi ƙasa, Hc (taurinsa, wato ƙarfin da ake buƙata kafin a goge maganaɗisun) ya yi sama. In sake daga farko ne? Kuɗin gwaji ba wasa ba ne.

Malam_Hegza:
Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya kamata ki gani ke nan. A kowane BaFe12O19 akwai ƙwayoyin ƙarfe 12 a mazauni iri biyar. Takwas, na mazaunan da ake kira 12k da 2a da 2b, maganaɗisunsu na fuskantar sama. Huɗu, na 4f1 da 4f2, suna fuskantar ƙasa. Kamar ja-in-ja da igiya ne, rarar huɗun nan kaɗai injin yake aunawa. Alminiyam ba shi da maganaɗisu, kuma galibi a 12k da 2a yake zama, wato ɓangaren masu rinjaye kike ragewa. Dole Ms ya faɗi. Hc kuwa yana bin 2K/Ms, inda K yake nufin ƙarfin da ke riƙe maganaɗisun a fuska ɗaya, kuma Ms ya fi K saurin faɗuwa, shi ya sa taurin ke ƙaruwa.

Ki duba tsinukan naki da kyau, za ki ga sun ɗan matsa dama, domin Al3+ bai kai Fe3+ girma ba, 0.535 ne da 0.645 a ma'aunin angistirom na girman ƙwayoyin zarra. In ba su matsa ba, to alminiyam ɗin bai shiga ginin ba, nan ne za ki damu.

Sadau_Lab:
Baƙon nan na 33 hematayit ne, Fe2O3 da bai samu bariyam ba. Ki auna ƙarfe (haɗe da alminiyam) da bariyam 11.5 ko 11 bisa 1 maimakon 12, ki kai wutar 1000. Kar ki cika bariyam, sai wani baƙon sinadarin, BaFe2O4, ya fito.

Malam_Hegza:
Sadau, a bi wutar nan a hankali. In ƙwayoyin garin suka girma suka doshi maikuromita ɗaya (ɗaya bisa dubu na milimita), kowace za ta rabu gida-gida a maganaɗisunta, Hc ya rushe, kuma ba sauran zancen nano, wato ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, a taken aikinta. Gyaran awon ya fi mini. 'Yata, me kike son yi da garin? In faifan ajiyar bayanai ne, Hc mai sauƙi ake so, a nan kobalt da titaniyam ake sakawa. Na injin lantarki kuwa, lantanam da kobalt.

Ɗalibar_Fiziks:
Allah ya saka da alheri, Malam. Mayen ƙarfe mai tauri nake nema. Na duba, tsinukan sun matsa. Zan sake awon a 11.5, in bar wutar a 900 tukuna.