Musayar Waƙa: Korau, Sunan Sarauta ko Sunan Kora?

Jikan Korau (Bagalam):
Salamu alaikum ƴan'uwa. Daga unguwar Bagalam nake gaida Mokoyo, Limanci, Zariya da sauran unguwannin Maraɗi. Yau da sunan gidanmu na buɗe fage, mai baki ya shigo.

Da sunan Rabbu za ni buɗe batuna,
Korau ake ce min, ku duba katina.
Ku zaga Mokoyo, Limanci har Zariya,
Da ƙyar ku samu mai irin sunana.
Wanda ya kada Sanau a fagen kokawa,
Ya hau gadon Katsina, shi ne kakana.
Gajere takobinsa, Musulunci tutarsa,
Wanda bai sani ba ya zo ya zauna gabana.

Bagobirin Tibiri:
Jikan Korau, zamna in ma fassara,
Ɗan da anka haifa uwa tana cikin kora,
Miji ya sake ta, ta koma ɗakin tsohuwa,
Shi ak Korau, babu batun gadon sarauta ko Ƙaura.
In ko na Katsinar ne, ai sunan ya bi ku,
A 1807 Fulani sunka sake maku kora.

Ƴar Zariya:
Wayyo! Bagobiri ya taɓa jijiya. Yaya Jikan Korau, sha ruwa tukuna.

Jikan Korau (Bagalam):
Ba na jin ƙishi, ƙanwata.

Bagobiri na zancen kora, abin dariya kuwa,
Shekara guda bayanmu wa ya bar Alƙalawa?
Mu mun taho Maraɗi da Ɗan Kasawa,
Ya kafa mulki, har yau Sarkin Katsina muke cewa.
Ku kuka yi ta yawo, sai bayan yaƙin Gawakuke
Ɗan Mari ya ba ku gefe, Tibiri ta samu tsayawa.
Baƙon da aka bai wa tabarma a zaure,
Yau shi ke wa mai gida gorin asali da tsiwa.

Ɗan Gulbi:
An gama! A ɗauke Bagobiri a kai shi inuwa. Bagalam ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Bagobirin Tibiri:
Ɗan Gulbi, kai ko tari Jikan Korau ya yi sai ka ce baiti ne. A Gawakuke 1836 sarkinku Rauda da namu Ali rana guda sunka kwanta, kada wani ya yi mini gorin tabarma.

Mushe Mai Alli:
Yara, ku bar yaƙin da aka gama tun kafin a haifi kakanninku. Na riƙe rajistar lakwal, wato makarantar boko, har gashina ya yi fari, ga abin da na gani:

Bahaushe na da, suna biyu gare shi,
Na yanka na liman, na kaka ta laƙaba mishi.
Tanko, Nomau, Gambo, Audi, Shekarau,
Kowane da labarin ranar da aka haife shi.
Nasara ya zo da lakwal da takardar haihuwa,
Ya ce yaro, sunan ubanka za a bi shi.
Uban ko Korau ake kiransa a unguwa,
Alƙalami ya kama, jikoki suka gaje shi.

Shi ya sa sunan ba shi da yawa. Uba in an tambaye shi, sunansa na yanka yake bayarwa, Abdu ko Isufu. Ba kowa ke so a rubuta laƙabin da ke tuna sakin uwarsa ba. Kuma a yawancin gidajenmu sunan ba ya zama: ɗa ya ɗauki na ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban, na kaka ya faɗi a hanya. Inda Korau ya tsira, a takarda za ku gan shi Koraou, rubutun Faransa. Wannan ba ya sa mutum jinin sarauta, ba ya kuma hana shi.

Af, Bagobiri, ɗangonka na huɗu ya fi ƴan'uwansa tsawo nesa, kuma 1807 ba ta shiga kari ko an tura ta da gwiwa.

Bagobirin Tibiri:
Baba Mushe, ranka shi daɗe, rera shi da baki ka ji. Mu da kalangu muka auna waƙa, ba da alli ba. Kuma mi ya sa ba ka auna na Jikan Korau ba? Ɗangonsa na ƙarshe sai an sauke numfashi a tsakiya.

Malam Na Limanci:
Mushe ya zo gyara da allinsa fari,
Ya manta nasa baitin ba shi da tsari.
"Shi" da "mishi" da "shi" da "shi" ƙafiya ce?
Mai aruli in ya gani sai ya ce a bari.

Mushe Mai Alli:
Allah gafarta Malam, amsa-amona ba a kan "shi" yake ba, yana kan kalmar da ke gabansa: gare, haife, gaje. Duba da kyau.

Malam Na Limanci:
Na duba, Mushe. Uku sun ƙare da "e". To "mishi" da "bi shi" fa, ƴaƴan wa ne? Maimaita kalma guda a ƙafiya aibi ne tun zamanin Halilu ɗan Ahmadu na Basra, mai aruli, wato ilimin awon waƙa.

Mushe Mai Alli:
Halilu waƙar Larabawa ya auna. Bai taɓa jin Nomau ba.

Baƙon Jibiya:
Na makara, intanet ɗinmu ta yi yaji. Jikan Korau, na farkonka nake amsawa:

Korau ɗin da kake taƙama shi ma baƙo,
Daga Ƴandoto ya taso, ba ɗan gari ba tun farko.
Masu tarihin baka sun ce matar Sanau ta tona laya,
Da ba don ita ba da bai kai ga riƙo.
Gajeren da ka ambata yana fadar Katsina,
In naka ne, ga mota a tasha, zo ka ɗauko.

Bagobirin Tibiri:
Allah shi yi ma albarka, na Jibiya! Wanga baiti shi ab baiti.

Ɗan Gulbi:
Bagobiri ya samu mai ɗauko masa sanda.

Na Jibiya riƙe Gajerenka a kube,
Takobin da ake ci a kokawa muke nema.
Kantu ya je Tawa a 1975,
Ya kada kowa, Maraɗi ta ɗau girma.

Mushe Mai Alli:
Ga wata shekarar kuma an cusa a ɗango. Ku daina, don Allah.

Ƴar Zariya:
Baba Mushe, bari in sa nawa kafin ku cinye filin da awo.

Maza kun cika fage da doki da sarki,
Ba wanda ya tuna da wadda aka ba saki.
Da tsohon ciki ta ɗau ƙullin kayanta,
Ta koma gidan uba, ta haihu a ƙuryar ɗaki.
Kaka ta ce Korau don gari ya shaida,
Ba jikan ta zaga ba, uban ta yi wa tsaki.
Bagobiri, kai da ka san fassarar haka sosai,
Korau nawa ka bari a Tibiri? Buɗe baki.

Jikan Korau (Bagalam):
Ƙanwata, tukuicinki na wurina. Bagobiri, ana jiranka.

Malam Na Limanci:
Baiwar Allah ta yi daidai a ƙafiya: sarki, saki, ɗaki, tsaki, baki, babu wadda ta dawo sau biyu. Mushe, ga darasi. Kuma mai ciki iddarta haihuwa ce, mijin yana da damar kome kafin nan. Wanda ya bari har aka raɗa wa ɗansa Korau, shi ya so.

Mushe Mai Alli:
Ƙafiyarta lafiya, ban musa ba. Amma ƙirga gaɓoɓin ɗangonta na bakwai ka gwada da na farko. Malam na yabo ne don ta huce masa haushina.

Malam Na Limanci:
Ba a ƙirga gaɓa kamar gyaɗa a tiya, Mushe. Doguwa da gajera ake dubawa, da yadda suka jeru.

Mushe Mai Alli:
To jera mana su. Wane kari ne, Mutadarik ko Rajaz?

Malam Na Limanci:
An kira La'asar. In na dawo.

Bagobirin Tibiri:
Caji ya ƙare mini jiya, ba gudu na yi ba.

Ƴar Zariya, matata guda, tana ɗakinta,
Ko yaji ba ta yi ba tun ranar da na kawo ta.
Tambayi yayan naki wa ya kori kakarsa,
Ni ban san gidansu ba, balle in sake ta.

Mushe Mai Alli:
"Kawo ta" da "sake ta". Malam, kana ina? Ko wannan aibin sai a baitina yake?